Diskin tsohuwar kwamfutata ya fara ƙara, wanne zan saya?

Mushe na Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da warhaka. Shawarar masana nake nema. Ina da wata kwamfuta ta tebur a gida, irin na ofis ɗin nan da ake kawowa daga Turai na hannu. Core 2 Duo ce, RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 2, Windows 7 a kanta, diskin ciki giga 160. Da ita nake buga jarrabawa da lissafin makin ɗalibai, yara kuma suna sauraren karatu a kanta. Kwanan nan in na kunna sai in ji ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, ta sake. Wani sa'in ta tashi, wani sa'in ta tsaya a baƙin allo. In ma ta tashi, kafin dosiye guda ya buɗe na ɗora shayi na sauke. An ce mini diski ne. Jika 20 na ware, wato sefa dubu 20. Wane iri zan saya, kuma giga nawa? Wani yaro a lakwal ya ce in nemi tera 4 in huta gaba ɗaya.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Mushe. A ajiye maganar saye tukuna. In tana kunne yanzu, kashe ta.

Ƙarar nan da kake ji, hannun da ke karanta faifan ne yake neman wurinsa bai samu ba, ya koma baya ya sake gwadawa. Faifan cikin diski irin naka yana juyawa sau 7200 a minti, wato sau 120 kowace daƙiƙa, kan hannun kuma yana shawagi dab da shi ba tare da ya taɓa ba. In ya fara taɓawa, duk kunnawar da ka yi ƙara kankare shi kake. Don haka kada yara su sake kunna ta don jin karatu. Kunnawa ta gaba ta zama ta kwashe kaya ce kawai: ka soka kile, wato ɗan filas na USB, ka fara da dosiyen makin ɗalibai da takardunka, sannan hotunan iyali, sauran in ta bari. Kada ka ce bari in kwafe diskin gaba ɗaya lokaci guda, zai iya mutuwa a tsakiya ka tashi da wa'azi da waƙoƙi ba makin kowa.

Mushe na Garin Malam:
Innalillahi. To ai jiya ma sai da suka yini a kanta. Na kashe yanzu.

Ɗan jami'a:
Ina wuni Mushe. Ƙari kan abin da Kawu ya ce, kada ka yi mata chkdsk ko defragmentation, wato binciken diski da jera fayilolinsa, a wannan hali, ko da Windows ta nemi yi. Su biyun suna sa diski aiki mai nauyi.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Haka ne ɗana. Sai abu na biyu, Mushe. Ba duk ƙara ce diski ba. Na sha ganin akwatin wuta ya yi rauni, ba ya ba diskin 12 volt ɗin da yake so, sai ya riƙa tashi yana faɗuwa yana wannan ƙarar. Ko igiyar ta saki. Ka cire kwamfutar daga kuran, wato wutar lantarki, ka buɗe murfin gefe, ka danna igiyoyi biyun da ke shiga bayan diskin su zauna sosai. Tunda ka buɗe kuma, ka gaya mini kamanninsu, don a kansu ne amsar tambayarka take. In ka ga wata faffaɗa mai launin toka, faɗinta ya kai yatsu uku, IDE ce, bakinta ƙusoshi 40. In siririya ce kamar faɗin ɗan yatsa, yawanci ja ko shuɗiya, SATA ce. Ka kuma ƙirga bakin SATA nawa ne a kan kat-mer, wato babban allon nan da komai ke manne a jikinsa.

Mushe na Garin Malam:
Na buɗe. Siririya ce, shuɗiya. Bakuna irin nata huɗu na gani a allon, biyu da igiya, ɗaya ta diski ɗaya ta wurin CD, biyu babu komai. Ƙura kuwa ba a magana, fankar ma da ƙyar ake ganinta.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Alhamdu lillahi, ka tsira daga wahala. Duk diskin SATA da ke kasuwa yau zai shiga bakin nan. Naka zai zama SATA ta biyu ce, mai mega 300 a daƙiƙa. Na yanzu ta uku ce, mai 600, wadda ta fito a 2009, amma bakin iri ɗaya ne, sabon diskin zai sauko ya yi tafiya daidai da ƙarfin allonka. Abin da ba zai shiga ba shi ne ɗan siririn nan M.2 ko NVMe. In mai kanti ya miƙo maka shi ya ce shi ne na zamani, ka ce ka gode.

Maganar tera 4 kuma, yaron ya so ka da alheri amma bai san injin ba. Kwamfutocin zamanin Core 2 Duo kusan duka da tsohon BIOS suke tashi, wato ƴar manhajar kan allo da ke tayar da inji, ba sabon salonsa UEFI ba. Tsohon BIOS yana tayar da Windows ne daga diskin da aka tsara da MBR, wato tsohon tsarin raba diski, shi kuwa MBR iyakarsa tera 2. Ka sa tera 4, rabi za ka ci, rabi na nan baƙi ba ka iya taɓa shi. Ana iya tsara shi da GPT, sabon tsarin, ya zama diski na biyu na ajiya, Windows 7 ta san GPT, amma ba za ta tashi daga kansa ba a injinka. Kuma Mushe, a 160 ɗin nan giga nawa ka cika?

Mushe na Garin Malam:
Ranar da na duba na ƙarshe wajen 90 ne, yawanci karatuttuka da bidiyon biki.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
To ka gani. Giga 500 na 7200, inci 3.5, mai lafiya, ya ishe ka shekaru. Shi nake sa wa mutane irinka.

Ɗan jami'a:
Kawu, a yi mini afuwa, a nan ban bi ka ba. Me ya sa Mushe zai cire diski mai juyawa ya sake sa wani mai juyawa, na hannu kuma? SSD, wato diskin da ke ajiya a ƙwaƙwalwar lantarki irin ta kile, ta giga 240 ko 256 ya kamata ya saya. Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta nauyi ba yawan megan da ke wucewa ta igiya ba ne, jiran da ake yi ne kafin hannun diski ya je inda abin yake. Diski mai juyawa yana cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a kowane nema, ko sama da haka. Windows kuma in za ta tashi ƙananan fayil dubbai take nema, kowanne a wurinsa. SSD ba ta da hannu ba ta da faifai, neman nata bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ko da SATA ta biyu ta taƙaita ta, wannan saurin neman yana nan. Ga RAM ɗinsa giga 2 kacal, da ta cika Windows diski take komawa ta ari wuri, to a nan ne SSD ke nuna kanta. Ba ta ƙara, ba ta jin girgiza, ba ta cin wuta sosai.

Hajiya mai shagon buga takardu:
Salamu alaikum. Ɗana, duk abin da ka faɗa na sauri gaskiya ne, na gani da idona a shago. Amma bari in gaya maka abin da ba ka faɗa ba. Bara aka sa mini SSD a injin da muke buga kundin ɗalibai, wata mai araha da ban taɓa jin sunanta ba. Muna jin daɗinta, rannan da safe yarinyata ta kunna, injin ya ce babu diski. Ba ƙara, ba nauyi, ba wata alama kafin nan. Kundin mutum biyu na ciki, saura kwana kaɗan su kai wa malamansu. Na zaga masu gyara, kowa ya ce ba abin da zai iya cirowa. Da takardun hannunsu muka sake bugawa, dare da rana. Shi kuwa diskin Mushe, ga shi yana ta kuka yana ba shi lokaci ya kwashe kayansa.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Hajiya ta riga ni. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari kenan. Diski mai juyawa in ya fara ciwo, sau da yawa ina iya jona shi a injina in lallaɓa in ciro abin da ya samu. SSD in ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta ta mutu, ni dai a bencina ba ni da abin yi. Kuma kasuwa ta cika da na bogi. Akwai wadda aka rubuta tera 1 a jikinta, Windows ma ta nuna tera 1, amma da ka zuba abin da ya wuce ƴan gigan da ke cikinta na gaskiya sai ta fara cinye na farko.

Ɗan jami'a:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma abin da ya same ki, rashin kwafi na biyu ne ya mai da shi asara. Diski mai juyawa ma yana mutuwar fuju'a. A 2007 Google ta fitar da binciken da ta yi a kan diski sama da 100,000 na rumbunanta, ta ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba, wato rahoton lafiyar da diski ke yi wa kansa, kafin su tafi. Ta bogi kuma akwai maganinta, wata ƴar manhaja kyauta, H2testw. Tana cika diskin baki ɗaya da rubutu sannan ta karanta, in gigan ƙarya ne sai ta tona.

Hajiya mai shagon buga takardu:
Ai yanzu kowace yamma sai an kwafe aikin ranar a wani diskin kafin a ja ƙofa. Ban ce kada ya saya ba. Cewa nake kada ya zuba dukan rayuwarsa a kanta.

Baba na Birni:
Ƴaƴana, ku ba tsoho wuri ya sa baki, ko da ba zaren nawa ba ne. Tawa ta girmi ta Mushe. Pentium 4 ce, Windows XP, tun ina aiki nake da ita. Jikana ya buɗe mini yanzu da na karanta maganar mai gyara, faffaɗar igiyar ce mai toka. Diskin giga 40 ne, bai yi ƙara ba amma ya cika. Ni kuma fa?

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Ranka ya daɗe Baba, ina gajiya. Taka ita ce mai aiki. An daina ƙera diskin IDE fiye da shekara goma, don haka duk wanda ka gani a kanti, ko yana cikin leda a rufe, tsoho ne. Abu na farko, jikanka ya haska tocila a kan allon da kyau. Pentium 4 na ƙarshe-ƙarshe, daga wajen 2003 zuwa sama, da yawa suna da bakin SATA biyu a gefe ba wanda ya taɓa amfani da su. In akwai, ka huta, sai dai a nemo maka ƴar igiyar da ke juya filogin wuta mai ƙusa huɗu zuwa na SATA. A sayi mai kyau, masu arahar nan da aka narka robarsu a kan waya na ga sun ƙone.

In babu, akwai ɗan allo ƙarami da ake maƙala wa diskin SATA a baya ya koma IDE. Yana aiki, amma ba kowanne ke shiri da kowane allo ba, sai an gwada a gabanka.

Sannan girma. Tsofaffin BIOS, na kafin wajen 2002, ba sa ganin abin da ya wuce giga 137. XP ɗin farko ma haka, sai wadda aka sa wa Service Pack 1 zuwa sama. Don haka ni a injinka ba zan wuce giga 120 ba, kowa ya zauna lafiya. Ninki uku ne na abin da kake da shi.

In kuma IDE ɗin za a ƙara a kan igiya ɗaya da tsohon, akwai ɗan maɓalli na roba a bayan diski tsakanin igiya da filogin wuta. Ɗaya a sa shi a master, ɗaya a slave, zanen yana jikin takardar diskin. In duka biyun suna master injin ba zai ga ko ɗaya ba, ko ya tsaya yana tunani.

Ɗan jami'a:
Baba, in SSD ko sabon diski za a sa wa XP, kada a bari faifan XP ya yanka diskin da kansa, wato ya raba shi kashi-kashi kafin ɗora Windows. Diski ƙananan gidaje ne da ake rubutu a ciki, XP tana fara yanka daga gida na 63, sababbin diski kuma gidajensu na kilo 4 ne, sai yankan ya faɗi a karkace, rubutu ya yi nauyi. A yanka shi da faifan Windows 7, sannan a ɗora XP a kai. XP ba ta san TRIM ba, abin da ke taimaka wa SSD share wurin da aka goge, don haka a bar mata sarari kada a cika ta maƙil.

Baba na Birni:
Ɗana, rabin maganarka ta wuce ni, amma jikana ya ce ya gane. Allah ya yi muku albarka. Ba na shiga intanet da ita, tarihin gidanmu nake bugawa da wasiƙu.

Ɗan jami'a:
Hakan ya fi Baba. Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014.

Mai zuwa Kano:
Mushe, in ba gaggawa kake ba, ina shiga Kano ranar Asabar. A titin Beirut akwai diski na hannu tuli, ka zaɓa ka darje, kuma in canjin naira ya yi daɗi sefarka za ta yi nauyi. In kawo maka tera 1.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Alhaji, ba kasuwarka nake ɓatawa ba, ni ma wani lokaci can nake saro kaya. Amma in ya zo da ciwo, Mushe zai biya mota kilomita sama da 200 ya tsallaka iyaka don mayar da diski? Na hannu, ko a Kano ko a nan Dole, ba a sayensa sai an duba. Wanda ya sayi diski bai ga awoyinsa ba, rago ya saya bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba.

Ga yadda ake yi, kowa ya adana. Ka sa manhajar duba lafiyar diski, CrystalDiskInfo, a kile, kyauta ce, akwai wadda ba sai an ɗora ta a injin ba. A kanti ka ce a jona diskin a buɗe ta a gabanka. Mai kantin da ya ƙi, ka san dalili. In ta nuna shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja a gudu. Ni rawaya ma ba na saye, ko an rage rabin kuɗi. Kada ka tsaya a launi, ka sauka ƙasa ka duba layi uku: 05, C5 da C6. Na farko gidajen da suka lalace diskin ya musanya su da na ajiya, na biyu waɗanda yake shakka a kansu, na uku waɗanda ya kasa karantawa. Ukun nan sifili nake so. Sai awoyin aiki a sama ta dama. Shekara guda awa 8,760 ce, to in ka ga 35,000 ka san shekara huɗu ya yi yana juyawa ba hutu. Irin waɗannan yawanci daga na'urar kyamarorin tsaro ko manyan rumbunan kamfanoni aka ciro su. Na ƙarshe, lambar da manhajar ta nuna ta zo daidai da wadda ke jikin takardar diskin. In sun saɓa, an canja takarda.

Mai zuwa Kano:
To ai sai in duba masa duk wannan a can.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
In za ka yi, madalla. Sai dai akwai masu goge lissafin ya koma sifili. Ka ga diski takardarsa ta ce 2013, sukurorinsa duk sun sha sukudireba, manhaja kuma ta ce awa 5 ya yi a duniya. Wannan ya fi mai 20,000 ba ni tsoro. Maganinsa a yi masa formate cikakke, a cire alamar nan ta mai sauri, Windows 7 za ta bi shi gida-gida ta rubuta. Yana cin awoyi. Bayan ya gama a sake duba 05 da C5, in akwai ciwo a ɓoye a nan yake fitowa. Shi ya sa nake cewa a nemi garanti ko na mako guda ne, a rubuta a rasit da lambar diskin. Kuma Alhaji, diski a cikin kaya a bayan mota, hanyar Matamaye, in ba a naɗe shi da soso ba ko lafiyayye ne yana iya isowa da rauni.

Ɗan jami'a:
Binciken Google ɗin nan ya goyi bayan Kawu a kan 05. Sun ga diskin da ya musanya gida ko sau ɗaya, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta sauran fiye da sau 14.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Yau dai Google ta yarda da ni.

Hajiya mai shagon buga takardu:
Wane kamfani ya fi? Ni in na je saye sunaye ke ruɗa ni.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Hajiya, masu ƙera diski mai juyawa uku suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ta saye Maxtor a 2006, ta karɓi sashen diskin Samsung a 2011. Western Digital ta saye na Hitachi a 2012. Wannan ma hanyar gane shekaru ce, in kika ga Maxtor kin san ya kwana biyu. In kuma kika ga wani baƙon suna a kan diski mai juyawa, na ɗaya daga cikin waɗannan ne aka sake wa riga. A tsakanin ukun ba na rantsuwa da kowa, kowannensu ya mutu a hannuna kowannensu ya daɗe. Lafiyar wanda ke gabanki ita ce magana. SSD ce masu yinta suke da yawa, a nan ne suna yake da amfani, ki tsaya a kan waɗanda aka sani irin su Samsung, Crucial, Kingston ko Western Digital, ki kuma gwada, don sanannen suna shi aka fi kwaikwaya.

Mai kula da zaure:
Wanda ya turo tallar waya a tsakiyar zaren nan, na goge. Akwai ranar talla. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Mushe na Garin Malam:
Barkanmu da kwana. Labari mai daɗi, da asuba na kunna da sanyin safiya ta tashi, na kwashe makin ɗalibai da takarduna duka da yawancin hotuna. A kan bidiyon biki ta fara ƙarar ta tsaya, sai na kashe. Danna igiyoyin bai hana ƙarar ba. Yanzu na ji ɓangare biyu, kowa da hujjarsa. Ni dai jika 20 ce, ba ta haihu ba cikin dare.

Ɗan jami'a:
Mushe, ai kana da baki biyu a banza. Ba dole sai ɗaya ba. SSD ƙarama ta ɗauki Windows da Word da Excel da aikin yau da kullum, diski mai juyawa na 500 ya ɗauki karatuttuka da bidiyo da kwafin takardu. In kuɗin bai kai biyun ba yanzu, fara da SSD 240, tunda 90 ɗinka zai shiga har da saura, in albashi ya zo a ƙara ɗayan.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Wannan na yarda da shi, da sharaɗi. SSD ɗin ta zama sabuwa mai suna, ba ta hannu ba. Makin ɗalibai kuma ya zauna wuri biyu kullum, kilen nan da ka kwashe da ita kada ka goge ta. Diski biyu a akwati ɗaya wuta ɗaya suke sha, in akwatin wuta ya harba yana iya tafiya da su tare.

Kuma ka kawo injin in auna akwatin wutar kafin a jona sabon abu. Ina so in ga ƙananan gwangwanayen nan na kan allo ma, in kansu ya kumbura ko sun yi tsatsa a sama, diski ba zai raba ka da matsala ba. A busa ƙurar nan. Masu ƙera diski yawanci suna sa iyakar zafinsa a digiri 55 zuwa 60. A watan Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano a garin nan yana haura 40 kafin ka kunna komai, diskin ya ƙara nasa, fanka kuma ta toshe da ƙurar hunturu. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga bango, kada a rufa masa zane yana aiki.

Ɗan jami'a:
A binciken nan dai ba su ga zafi na kashe diski kamar yadda ake zato ba.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
A ɗakunan da ake sanyaya musu dare da rana suka auna, ɗana. Su zo Garin Malam da azahar su sake aunawa.

Hajiya mai shagon buga takardu:
Hahaha. Mushe, ka sa ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe inji in an ɗauke wuta, a lissafinka na gaba, ko ƙarama ce. Ɗaukewar kuran ana tsakiyar rubutu ta fi ɓata mini fayil a kan komai, a kowane irin diski.

Mushe na Garin Malam:
Na tsaya a kan SSD 240 yanzu, diski na 500 wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Alhaji na gode da tayin, wannan karon a nan zan saya don garanti. Tambaya ta ƙarshe: a kwafe Windows ɗin tsohon diskin zuwa sabuwar, ko a ɗora sabuwa?

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Sabuwa. Kwafe diski mai ciwo zai ƙarasa shi, kuma fayilolin Windows da suka lalace za su biyo ka. Ka duba gefen akwatin ko takardar lambar Windows tana nan, ka ɗauki hotonta. Kafin a ɗora, a shiga BIOS a mai da SATA ɗin AHCI, wato sabon yanayin aikinta, in akwai zaɓin. In an ɗora sannan aka canja, shuɗin allo za ta ba ka. Lokacin ɗorawa SSD kaɗai za a bari a jone. Kuma in ka ga 240 ta nuna 223 kada ka dawo mini da faɗa, ba a cuce ka ba. Kamfani na ƙirga giga da dubu-dubu, Windows da 1024. Na 500 ma 465 zai nuna.

Ɗan jami'a:
Windows 7 ta san SSD, tana da TRIM, ba matsala. Sai dai ita ma an daina ba ta kariya tun Janairun 2020, kada a riƙa shiga banki ko buɗe duk abin da aka turo da ita. In ka samu DDR2, irin RAM ɗin da yawancin injinan nan ke ɗauka, mai araha ka kai RAM ɗin giga 4, amma sai da Windows mai 64 za ta ga huɗun duka, mai 32 uku da ɗoriya take gani.

Mushe na Garin Malam:
Na ga SSD ɗin a hoto ƴar ƙarama ce, ramin diskin nawa kuma babba. Yaya za ta zauna?

Mai gyara na Kasuwar Dole:
Inci 2.5 ce, ramin 3.5. Akwai ɗan faranti da ake ɗaura ta a kai, in babu ma sukuru ɗaya ko igiyar roba ta riƙe ta, ba abin da ke motsi a cikinta. Kada dai ta rataya a kan igiyarta, bakin ne ke karyewa. Ka zo da tsohon diskin, ina da abin jona shi ta USB, mu gwada bidiyon bikin nan a hankali ko za su fito. Ban yi alkawari ba.

Baba na Birni:
Mai gyara, jikana ya haska. Ya ce ya ga baki biyu baƙaƙe ƙanana a kusa da batirin nan mai kamar kwabo, an rubuta SATA0 da SATA1.

Mai gyara na Kasuwar Dole:
To Baba ka huta da neman IDE. Ya ɗauko akwatin kawai, ban da allon kallo da kibod, ya same ni bayan la'asar. Ya zo da faifan XP in yana nan. Batirin ma za mu canja, CR2032 ne, in ya kai shekarun injin shi ke sa agogonta komawa baya.